Kyanwa marar gashi da ciwon da ke ɓoye a zuciyarta

Da asubar wata Laraba cikin hunturun da ya wuce ƙanwata ta kira ni daga unguwar Malali a nan Kaduna, muryarta na rawa. "Yaya, ka zo, ƙafafunta na baya sun mutu." Kyanwarta take nufi, irin marar gashin nan da masu sayarwa ke rubuta sunanta Sphynx, mu kuma muke cewa Sifinkis. Na tarar da ita a kan tayil ɗin kicin tana jan gindi da ƙafafun gaba, baki buɗe tana haki, tana wani irin kuka da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba. Na taɓa dagin gaba, da ɗuminsa. Na taɓa na baya, sanyi ƙalau kamar an ciro daga firji, tafin da na sani jaja-jaja ya koma ruwan toka. A daren jiya ta ci abincinta, ta hau kujera, ta shige bargo kamar kullum. Shekararta uku da 'yan watanni.

Mai aikin gidan ta ce iska ce ta taɓa ta. Maigadi ya ce daga katanga ta faɗo, ƙashin bayanta ya karye. Likitan dabbobin da muka kai wa ya latsa cikin cinyarta yana neman bugun jijiya bai samu ba, ya ɗora abin saurare a ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, ba ƙafa ce ke ciwo ba, zuciya ce." Ba ta kai la'asar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar da ƙanwata ta ciro daga jaka a asibitin. Wanda ya sayar mata da kyanwar, a kan kuɗin da ya haura na ragon layya mai kyau, ya haɗa mata da takarda mai tambari da ke cewa an gwada iyayen, lafiyarsu lau. Ban ce takardar bogi ba ce. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa a ranar da aka rubuta ta. Sai dai wannan ciwo ba irin wanda takarda guda ke wankewa ba ne, kuma yanzu da ake tallan waɗannan kyanwoyi a Instagram da WhatsApp, ana shiga da su gidaje a Unguwar Rimi da Barnawa da Malali, wasu ma har sun fara haɗa su don sayar da 'ya'yan, ya kamata a san dalili.

Zuciyar kyanwa ba ta fi babban goro girma ba. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. Jinin da ya sha iska a huhu yana sauka a ɗakin hagu na sama, ya gangara ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ne mai ƙarfin cikinsu, shi ke matsawa ya tura jini ko'ina a jiki, sau 140 zuwa 220 a minti guda. Ciwon da ya kashe kyanwar ƙanwata, likitoci na taƙaita sunansa da HCM, ma'anarsa kaurin tsokar zuciya, kuma wannan ɗakin yake kamawa. Bangonsa ke yin kauri, ta ciki ba ta waje ba. Ka ɗauki ɗakin laka da ake yi wa yaɓe daga ciki kowace shekara: mai wucewa zai gan shi yadda ya san shi, wanda ke kwana ciki ne ya san ya tsuke. A lafiyayyar kyanwa kaurin bangon ba ya kai milimita 5 lokacin da zuciya ta saki. In ya kai 6 ko fiye, ciwo ya tabbata. Tsakanin 5 da 6 kuma ana sa ido ne. Milimita ɗaya tak ke raba lafiya da cuta, a cikin abin da ke motsi sau uku a daƙiƙa guda. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa in an zo maganar wanda ya isa ya auna.

Ba ƙuncin ɗakin ne kaɗai matsala ba. Tsokar da ta yi kauri tana sandarewa, kamar salkar da ta bushe, ka ɗura ruwa ta ƙi buɗewa. Zuciya kuwa sai ta saki ta cika kafin ta matsa ta tura. To jinin da ya rasa wurin shiga ƙasa sai ya taru a ɗakin sama, ɗakin ya yi ta buɗewa yana girma. Daga nan hanya ta rabu uku. Ko dai cunkoson ya koma baya har huhu, ruwa ya tsattsafo cikinsa ko kewayensa, kyanwa ta kasa numfashi. Ko kuma jinin da ya kwanta a ɗakin da ya buɗe ya daskare ya zama guda, wata rana gudan ya ɓalle ya bi babbar jijiya, ya gangara har inda ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya, ya toshe a nan. Duk wanda ya taɓa tarar da tirela ta faɗi a Mararrabar Jos ya san yadda abu guda ke tsayar da hanya biyu. Wannan shi ne abin da na gani a kicin ɗin ƙanwata, kuma yana cikin mafi zafin ciwon da kyanwa ke gamuwa da shi. Hanya ta uku ita ce bugun ya rikice farat ɗaya, a wayi gari a tarar da ita ta mutu ba tare da ta yi ko tari ba.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan ta ukun. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28, kuma binciken gawarsa ya nuna wannan ciwon ne. A cikin mutane ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin 500 na ɗauke da shi. A cikin kyanwoyi abin ya wuce nan nesa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya duba kyanwoyi 780 a gidajen ajiye dabbobi na Ingila, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau, aka samu kashi 14.7 cikin ɗari suna da shi. Kenan magen gidanmu mai kama ɓera a sito ma ba ta tsira ba, kusan ɗaya cikin bakwai. Ba kowace mai shi yake kashewa ba, da yawa sukan tsufa da shi ba a sani ba. Wani babban bincike na 2018 da ya bi kyanwoyi 1,008 masu ciwon a ƙasashe 21 ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka kai ga ruwa a huhu ko toshewar jijiya, ko duka biyun.

Abin da ke sa a makara shi ne halin kyanwa kanta. Kare mai ciwon zuciya zai yi tari, ya gaji a hanya, mai shi ya lura. Kyanwa ba kasafai take tari ba, kuma dama barci ne aikinta, in ta ƙara awa biyu a kai wa zai ƙirga? Abin sauraren likita ma ba ya yanke hukunci. Akwai wani sauti kamar huci da ake ji a zuciyar wasu masu ciwon, amma da yawa masu ciwon ba su da shi, da yawa masu shi kuma lafiyarsu lau. Likita nagari zai iya saurarar ƙirji ya ce bai ji komai ba, ya kuma yi gaskiya, alhali bango na can yana kauri.

To me ya sa Sifinkis? Sai an koma asalinta. Sunan na iya sa mutum ya zaci daga Masar take, amma a Toronto ta Kanada aka fara, a 1966, lokacin da wata kyanwar gida ta haifi ɗa ba gashi, aka sa masa suna Prune. Don a sami irinsa, da ya girma aka haɗa shi da uwarsa. Zuriyarsa ba ta yi nisa ba. Waɗanda ake gani yau sun fito ne daga wasu 'yan ƙalilan da aka haifa a wata gona a jihar Minesota ta Amurka daga 1975, da wasu da aka tsinta a Toronto 'yan shekaru bayan nan, aka riƙa haɗa su da wani iri mai nannaɗaɗɗen gashi da ake kira Devon Rex. Rashin gashin ya samo asali ne daga tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna KRT71, kuma ba ya fitowa sai ɗa ya gado ta daga uwa da uba duka. Kenan duk mai son ɗa marar gashi dole ya yi ta zagaye a cikin dangi guda. Dubban kyanwoyi daga 'yan ƙalilan ɗin kakanni marasa gashi. Ba rashin gashin ne ke kawo ciwon zuciyar ba, amma in an tsuke dangi haka, duk wani aibin da ke jikin kakannin nan shi ma ya sami hanya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a gudu ne ko a cuta.

Makiyayinmu ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro kalmar ƙwayar gado. Bafulatanin da ke kiwon Bunaji ba ya barin bijimi guda ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa, yakan musanya da na wani ruga. Mai kiwon Balami yana tambayar uban rago kafin ya saya. Ilimin yana nan a hannunmu, kyanwar ce baƙuwa.

Alƙaluman da ake da su a kan Sifinkis ba su da daɗin ji. Likitocin makarantar dabbobi ta Alfort da ke kusa da Faris sun auna 114 suka wallafa a 2012, suka samu kusan ɗaya cikin biyar na da ciwon, kuma yawan yana ƙaruwa da shekaru. A irin nan yakan bayyana da wuri fiye da sauran kyanwoyi, sau da yawa kafin a cika shekara huɗu. A 2024 kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta fitar da ƙididdigar tsawon ran kyanwoyin Birtaniya: matsakaici shekara 11.7, Sifinkis kuwa ba ta kai 7 ba, ita ce ta ƙarshe a jerin. Shi ya sa a tsarin matakai da ƙwararrun likitocin zuciyar dabbobi suka amince da shi a 2020, daga A zuwa D, kowace Sifinkis tun ranar haihuwarta tana matakin A, wato ba ta da ciwon tukuna amma tana cikin waɗanda ake tsoron ya kama.

Yanzu maganar takarda. Mu nan mun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila. A je asibiti sau ɗaya, a ce AA ne ko AS ko SS, magana ta ƙare har abada. Mutane da dama suna ɗauka gwajin gadon kyanwa ma haka yake, masu sayarwa kuma suna barinsu a kan wannan fahimtar. Ba haka yake ba. Wata likitar zuciyar dabbobi Ba'amurkiya, Kathryn Meurs, da abokan aikinta sun gano tangarɗar da ke haddasa ciwon a irin Maine Coon a 2005, a ƙwayar gado mai suna MYBPC3, sannan suka gano wata daban a ƙwayar guda a irin Ragdoll a 2007. Waɗannan gwaje-gwaje biyu na waɗancan irin ne, ba su cewa komai a kan Sifinkis. In aka nuna maka takarda da MYBPC3 a kai ana cewa kyanwarka ta fita, daidai yake da a auna maka hawan jini a ce ba ka da ciwon suga. A 2021 ƙungiyar Meurs a jami'ar jihar Karolina ta Arewa ta sanar da wata tangarɗa a ƙwayar ALMS1 a cikin Sifinkis, aka yi murna, aka fara sayar da gwajin. Amma binciken da ya biyo baya, har da wanda aka yi a Niyuzilan, ya tarar tangarɗar ta cika irin, tana jikin masu ciwon tana jikin marasa shi, akwai kuma masu ciwon da ba su da ita. Saboda haka sakamakon da ya ce babu ba ya ba da aminci, wanda ya ce akwai ba ya yanke ƙauna. Wanda kuma ya ce zai fitar da duk mai ɗauke da ita daga kiwo, zai ƙara tsuke dangin da dama a tsuke yake.

Abin da ke nuna ciwon shi ne hoton zuciya da na'urar sikanin, wanda likitoci ke kira eko. Kyanwa na kwance a gefenta, a shafa mata man nan mai sanyi a ƙirji, a ga bangon a allo yana motsi, a tsayar da hoton daidai lokacin da zuciya ta saki, a auna. Sifinkis ko aski ba ta buƙata. Kafin a ce gado ne, sai an tabbatar ba hawan jini ba ne, ba kuma ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod ne ke aiki fiye da kima ba, domin su ma suna sa bangon kauri. Akwai gwajin jini mai suna NT-proBNP da ke nuna zuciya na wahala, yana taimakawa wajen sanin wadda za a gaggauta kaiwa hoto, amma yakan tsallake ciwon da bai yi nisa ba.

Shi kansa eko labarin ranar da aka yi shi kawai yake bayarwa. Nan ne gizo ke saƙa. Kyanwa na balaga tun tana wata biyar zuwa tara, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, ciwon kuma yana iya jira har shekara uku ko huɗu ko fiye kafin ya nuna. Mu yi lissafi na misali. Muzuru ya yi eko yana shekara ɗaya, aka ce lafiya. Aka sa shi barbara, mata shida a shekara, kowace ta haifi huɗu. 'Ya'ya 24 kenan a shekara, 72 a shekara uku. Yana shekara huɗu ciwo ya fito. Binciken Alfort ya nuna alamar cewa gado daga ɓangare ɗaya ya isa, ba sai daga uwa da uba duka ba, in kuwa haka ne, kusan rabin waɗannan 72 na iya ɗauke da shi, sun watsu Kaduna da Abuja da Kano, wasunsu ma sun haihu. Takardar da ke hannun kowane mai saye gaskiya ce, ta shekara uku da suka wuce.

A ganina wannan shi ne ma'aunin mai kiwo na ƙwarai, ba kyawun hotunansa ba. Yana yin eko kafin haɗin farko, yana maimaitawa kowace shekara muddin dabbar na haihuwa, kuma yana ci gaba da yi bayan ta daina, domin kakar da ciwo ya fito mata tana shekara bakwai ta ba shi labarin jikokinta. Ba ya gaggawar haɗa ƙanana. Yana da littafi da ya rubuta wa ya haifi wa, har kaka da kakan kaka. Ba ya haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa, komai tsadar kawo sabon muzuru. Ba ya barin muzuru ɗaya ya zama uban kowa a gari. Yana riƙe lambar duk wanda ya saya a hannunsa, yana kira yana tambaya, in ɗaya ta mutu farat ɗaya yana roƙon a kai gawar a buɗe a duba zuciyar maimakon a haƙa rami a bayan gida. Ranar da ciwo ya fito a ɗaya daga cikin iyayen, ya dandaƙe muzurun ko ya sa a cire wa macen mahaifa, sannan ya ɗauki waya ya sanar da mutanen da suka riga suka biya shi kuɗi. Wannan kiran na ƙarshe shi ne mai wuya. Kuɗi yake ci, suna yake taɓawa. Amma a wajenmu ba sabon hukunci ba ne, ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne, a kasuwar Zango ne ko a Instagram.

Da ƙanwata ta kira wanda ya sayar mata ta gaya masa, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce ai rai na Allah ne. Gaskiya ne. Ta tambaye shi uban yana nan? Ya ce ya mutu bara, haka kawai aka wayi gari aka gan shi. An buɗe shi? Ba a buɗe ba. An sanar da waɗanda suka sayi 'ya'yansa? Ya yi shiru. Ban ɗauke shi mugu ba. Na fi zaton bai taɓa haɗa mutuwar nan biyu a ransa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa suna da alaƙa.

Halin da muke ciki a Kaduna ya ƙara wa abin nauyi. Waɗannan kyanwoyi kaɗan ne a ƙasar, daga waje aka shigo da iyayensu, don haka mai neman muzuru ba shi da zaɓi mai yawa, kuma abu ne mai sauƙi biyun da aka saya a hannun mutane daban su zama 'yan uba ɗaya. Sannan ba kowace na'urar sikanin ke wannan aiki ba. Wadda ake duba cikin akuya da ita ba lallai ta iya kama bangon da ake aunawa da milimita yana bugawa sau 200 a minti ba, ana buƙatar ƙaramin kai da ya dace da ƙirjin kyanwa, da hannun da ya saba. Mun yi sa'a Zariya na kusa, kimanin kilomita 80, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a Samaru. Ka sa likitanka ya kira ya tambaya wa ke yin eko na kyanwa da kuma yaushe, kafin ka ɗauki hanya, ka kuma tafi da sanyin safiya, domin zafin mota da firgita na iya tunzura zuciyar da dama a kan gaɓa take. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: wanda ba zai iya kai dabbobinsa eko duk shekara ba, kada ya haɗa su. Ya riƙe su, ya so su, ya dandaƙe su.

Mai saye kuma kada ya yi cinikin biri a sama. Ka nemi ganin uwa da uba da idonka, ka tambayi shekarunsu. Ka nemi takardar eko mai kwanan wata na cikin shekarar nan, mai sunan likitan da ya yi, mai lambobin awon bango, ba kalmar "lafiya" kawai ba. Ka tambayi kakanni, suna raye? In sun mutu, da me, suna shekara nawa? Iyaye masu shekara biyar da eko huɗu a jere sun fi mini iyaye masu shekara ɗaya da takarda mai ado. Wanda tambayoyin nan suka ɓata wa rai, ka bar masa kayansa.

Ga wanda ya riga ya mallaka, akwai abu guda da ba ya cin ko kwabo. In ta yi barci sosai, ka zauna kusa, ka kalli haƙarƙarinta, hawa da sauka ɗaya kenan, ka ƙirga na minti guda. A Sifinkis abin a fili yake, ba gashin da zai rufe. Ƙasa da 30 shi ne daidai. In ya riƙa haura 30, ka kai ta asibiti a ranar. In ka ga tana numfashi da baki buɗe, ko ƙafa ta mutu ta yi sanyi, ba a jiran gari ya waye. Duk lokacin da za a yi mata allurar barci don tiyata, ko ƙarin ruwa, ko allurar nan ta rage kumburi irin su dekisametason, ka gaya wa likita irin da take da haɗarin da ke tare da shi, domin ukun nan kowanne na iya tura ɓoyayyen ciwo ya fito fili. Kuma don Allah kada a ba kyanwa farasitamol komai kukan da take yi, guba ce a jikinta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Magani yana rage wahala, ba ya mayar da bango yadda yake. Furosemaid, wanda aka fi sani da Lasix, yana janye ruwa daga huhu. Kilofidogirel yana rage daskarewar jini, wani gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna ya fi asfirin hana toshewar dawowa a kyanwoyin da suka taɓa yi, ana kuma fara shi tun ɗakin sama ya buɗe sosai kafin gudan ya ɓalle. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin eko da wuri, da mun sani da kyanwar ƙanwata na shan shi. A watan Maris 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izini na wucin gadi ga wani magani mai suna Felycin-CA1, ana ba da shi sau ɗaya a mako ga waɗanda bangonsu ya yi kauri amma alamu ba su fito ba, ana ci gaba da tattara hujja a kansa. Duk waɗannan likita ke rubutawa da awo, ba a kemis ake yanke shawararsu ba.

Kada a rikita wannan da wani ciwon zuciyar da abinci ke kawowa. Kyanwa maciyiyar nama ce, jikinta na buƙatar wani sinadari mai suna torin da ke cikin nama da kifi. A 1987 likitoci a Kalifoniya suka gano rashinsa na sa bangon zuciya ya yi siriri ya saki, kishiyar wanda muke magana a kai, kuma wannan yana warkewa in an gyara abinci. Masu ba mage ragowar tuwo da shinkafa kaɗai su lura. Amma kaurin gado, ko hanta da tsoka za ka ciyar kullum, ba ya hanawa.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan girma, ko ya dace a ci gaba da haɗa irin nan ma. Holan ta hana haɗa su tun 2014, daga 1 ga Janairu 2026 kuma ta hana mallakarsu, sai waɗanda aka haifa kafin ranar aka kuma yi musu shaida. Hujjarsu ba zuciya ba ce, fata ce: dabbar da ba ta da gashin baki na lalube, ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, rana na ƙona ta, maiƙo na taruwa mata sai an yi ta wanka. Na ga haka da idona. Da hunturu kyanwar ƙanwata ba ta fita daga bargo sai rana ta ɗaga, fatarta na bushewa, da bazara kuma ba a barinta tsakar gida. Na kuma ga yadda take bin ƙanwata ɗaki ɗaki, ta haye kafaɗarta tana sallah, jikinta da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Na fahimci masu sonta. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya saya ba. Waɗanda suka riga suka shigo gidajenmu kuwa amana ce, mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba.

Ƙanwata ta bi diddigi ta gano wata mata a Barnawa da ta sayi ɗan'uwan kyanwarta, ciki ɗaya. Ta je har gida ta gaya mata. Matar ta yi jim, ta ce, "Baiwar Allah, ai lafiyarsa ƙalau, kin gan shi." Yana kwance a hannun kujera yana barci. Suka zauna su biyu, ƙanwata ta ɗora wayarta a gwiwa ta kunna agogo, suka ƙirga tare. 26. Matar ta rubuta a bayan kalanda da kwanan wata, ta fasa maganar haɗa shi da wata da aka yi mata tayi, ta karɓi lambar likitan da zai tura su Zariya.